GDB na nuna min ?? idan ina bibiyar shiri mai zare da yawa daga nesa

Tambaya: Assalamu alaikum malam, ina da wani shiri na C mai zare huɗu (thread, wato sassan shiri da ke aiki a lokaci guda) da ke gudana a kan ƙaramar na'ura mai ARM, na kunna gdbserver (wakilin GDB a kan na'urar) a can na haɗa da GDB (manhajar bibiyar kurakuran shiri) daga laftof ɗina, amma in na buga bt (umarnin nuna jerin fankshin da aka kira) sai alamar ?? nake gani a maimakon sunaye, errno (lambar kuskure ta C) ma ya ƙi karantuwa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da zaka fara riƙewa shi ne gdbserver bai san sunan komai ba, lambobi kawai yake turowa, adireshin memori da abin da ke cikin rajista. Aikin mayar da adireshi ya koma sunan fankshin da layin kod duk GDB ɗin laftof ɗinka ne ke yi, da bayanan DWARF (bayanan sunaye da layukan kod) da ke cikin kwafin fayil ɗin da kake da shi a nan. To in kwafin nan ya bambanta da na can ko da kaɗan ne, ko dai ka ga ?? ko kuma ya baka suna na ƙarya, wanda wallahi ya fi ?? ɗin haɗari domin zaka yi ta neman matsala inda babu ita.

Zaren kuwa kod ɗaya suke gudanarwa, saboda haka teburin sunaye ɗaya ne ga dukkansu, amma kowanne da rajistocinsa da sitak ɗinsa (inda ake ajiye jerin kiran fankshin). GDB yana tambayar jerin zaren, ya zaɓi ɗaya da saƙon Hg, ya karɓo rajistocinsa da g, sannan ya bi sitak ɗin baya-baya da taimakon bayanan warware sitak irin .eh_frame ko .ARM.exidx. Anan ne mutane ke shan wahala, domin yawancin zaren lokacin da ka tsayar da shirin suna cikin libc (babbar laburaren C) ne suna jira, ba cikin kod ɗinka ba, kuma ASLR (tsarin sauya adireshi don tsaro) kan iya sa laburaren su sauka a adireshi daban kowane lokaci, sai gdbserver ya karanto link_map (jerin laburaren da aka loda) ya faɗa wa GDB inda kowacce ta sauka. In GDB ya je ya buɗe libc na laftof ɗinka maimakon na ARM ɗin, tun matakin farko an ɓata hanya. Ka yi set sysroot zuwa folda mai ainihin laburaren na'urar kafin ka buga target remote, sannan ka duba info sharedlibrary ka ga wacce ya loda, in kana shakka ka kwatanta build-id (lambar shaidar fayil) ɗinsu da readelf -n.

Maganar errno ita ce mai daɗin bayani. Kowane zare da nasa errno, saboda haka DWARF ba ya ba da adireshi tsayayye, tazara kawai yake bayarwa a cikin ma'ajiyar zaren. Sai GDB ya tura qGetTLSAddr, gdbserver kuma ya nemi taimakon libthread_db (laburaren da ke taimakawa wajen bibiyar zare) da ke kan na'urar, ita kuma ba za ta tashi ba sai ta san inda wasu sunaye irin nptl_version suke. Shi gdbserver bai da sunaye kamar yadda na ce, don haka sai tambayar ta juyo, ta saƙon qSymbol yana faɗin suna GDB yana bashi adireshi, ɗaya bayan ɗaya har ya ce OK. Ka ga kenan in libpthread (laburaren zare) ɗin da ke laftof ɗinka an yi mata strip, wato an cire mata sunaye, gaba ɗaya, GDB bashi da amsa, zaka ga zaren a info threads amma errno ya ƙi. Daga glibc 2.34 na 2021 an haɗe libpthread cikin libc, to in naka sabo ne libc zaka duba.

Ni shawarata ka buga set debug remote 1 kafin ka haɗa, ka zuba ido kan qSymbol, duk sunan da ya koma babu adireshi a gabansa shi ne wanda GDB ya kasa samu. In an gyara sai ka gwada thread apply all bt.