Mazari: na kaɗi da na bakin ruwa

Wata malamar firamare daga Funtuwa ta rubuto: "Malam, ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa ake cewa jikin mutum yana rawa kamar mazari. Na ce musu ƙwaron nan ne mai shawagi a bakin kududdufi, sai wata dattijuwa ta ce ba shi ake nufi ba. Wanne ne daidai?"

Malama, dattijuwar ta fi kusa da tushen zancen, amma ke ma ba ki kauce hanya ba, domin abu biyu ne suke amsa suna ɗaya. Kalmar ta fito daga "zare", aka yi mata ɗafa-goshin "ma" da ɗafa-ƙeyar "i", kamar yadda "buɗe" ya ba da mabuɗi, "rufe" ya ba da marufi. Ke nan mazari na asali shi ne abin zarar zare: siririyar sanda mai tsini, da dunƙulen yumɓu da ake kira gululu a wajen gindinta. Kafin a zo kansa sai an gurje auduga da magurji an fitar da gurya, an shiɓe ta ta yi laushi. Mai kaɗi ta riƙe audugar a hagu, ta dangwali alli don kada yatsu su yi santsi, ta murza mazarin da dama. Nauyin gululu shi ke sa ya daɗe yana juyi. In sandar ta karkace, ko hudar gululun ba ta zauna a tsakiya ba, sai ya yi ta tangaɗi, zaren ya fito wani wuri kauri wani wuri siriri, ko ya tsinke. Ko lafiyayyen mazari ma, in yana kan juyi, za ki ga yana ɓari daga sama har ƙasa. Wannan ɓarin ne Bahaushe ya aro wa mai jin tsoro ko mai zazzaɓi.

Shi kuwa ƙwaron, da alama kama ce ta ba shi sunan. Dogon jiki siriri, ga ƙaton kai mulmulalle a ƙarshe: sanda da gululunta ke nan. Irin wannan aron ba baƙo ba ne a Hausa, sai dai wani lokaci daga ƙwaro ake ɗaukowa, kamar yadda ake cewa mutum ya yi zanzaro in ya cusa riga cikin wando ƙugunsa ya tsuke. Abin da ke damuna shi ne kaɗi ya ja baya a gidaje, yara da yawa ba su taɓa ganin mazarin auduga ba. In da hali, Malama, ki nemo ɗaya ki kai aji a murza a gabansu.

Wani ɗalibi daga Maraɗi ya tambayi ma'anar "mazari, ba a san gabanka ba".

Kirari ne da ake yi wa mutumin da ba a gane inda ya dosa, yau yana nan gobe yana can, ko mai ɓoye nufinsa. Mazarin kaɗi in yana juyi ba shi da gaba balle baya, kuma a ganina daga nan zancen ya taso. Amma ya dace da ƙwaron ƙwarai. Fikafikansa huɗu ne, kowanne yana iya motsi shi kaɗai, don haka yakan tsaya cak a iska, ya zabura gefe, har ya ja da baya. Idanunsa sun kusan cinye kan duka, a wasu manyan iri kowane ido na ɗauke da ƙananan idanu kusan 30,000. Shi ya sa yaro ke shan wuya kafin ya kama shi.

Tambaya ta ƙarshe daga wani manomin fadama a Haɗeja: "Mazari yana harbi? Kuma me yake nema in yana tsoma wutsiya a ruwa?"

Ba ya harbi, ɗan'uwa, ba shi da ƙari irin na rina ko zuma. Tsoma wutsiyar da kake gani ba shan ruwa ba ne, macen ce ke zuba ƙwai. Abin da ke fitowa daga ƙwan ba ya kama da iyayensa ko kaɗan: guntun ƙwaro ne mai launin taɓo, marar fiffike, yana zaune a ƙarƙashin ruwa watanni, wasu iri har shekaru. Yana da leɓen ƙasa mai naɗewa wanda yake harbawa ya cafko 'ya'yan sauro da talibambam, har da ƙananan kifi. In ya ƙosa sai ya hau karan ciyawa, galibi da dare ko da asuba, bayansa ya tsage, mazari ya fito ya shanya fikafikai. Ka duba ciyayin bakin ruwa da sassafe za ka tarar da ɓawon a maƙale. Babban kuma sauro da ƙananan ƙudaje yake kamawa a iska, don haka abokin manomi ne, kuma maganin feshi da ke gangarawa cikin ruwa yana kashe 'ya'yansa.

Akwai wani iri mai ruwan ɗorawa da ke zuwa garke-garke da damina. Ruwan sama yake bi, 'ya'yansa kan girma cikin wajen mako shida zuwa takwas, kafin kududdufi ya ƙafe, kuma irinsa na ƙetare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka. Wani lokaci za ka ga macen mazari tana dangwalar saman mota mai sheƙi. Ƙyallin ne ya ruɗe ta ta zaci ruwa ne, ƙwan da ta zuba nan kuwa rana ke ƙone shi.

Kada ka haɗa mazari da ɗan'uwansa da ya fi shi sirantaka. Wancan in ya sauka yakan haɗe fikafikansa a bisa baya, idanunsa kuma a rabe suke. Mazari sosai a buɗe yake barin nasa.