Amsa kan saƙonnin "tura wa mutum goma" da batun 'yancin magana

Wa alaikumus salam Malam. Ka tambayi yadda za ka bambance gaskiya da ƙarya a saƙonnin addini da ake zubowa a zauren WhatsApp na unguwarku a Ƙofar Ƙaura, da kuma ko ka tauye wa mutum 'yancinsa in ka goge abin da ya turo, tunda kai ke riƙe da zauren.

Wanda ya danna tura ya shiga sahun maruwaita, ko ya sani ko bai sani ba. Imam Muslim ya kawo a gabatarwar Sahihinsa cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Saboda haka "ni ma turo min aka yi" ba ta fitar da kowa. Kuma mafi yawan ƙaryar da ke yawo a zaurukanmu masu son addinin ne ke yaɗa ta da kyakkyawar niyya, shi ya sa take da wuyar kashewa.

Idan hadisi ne, nemi abu uku wurin wanda ya turo: lafazin Larabci, sahabin da ya ruwaito, da littafin da yake ciki. Fassarar Hausa kaɗai ba ta bincikuwa. In ka samu Larabcin, ɗauki kalma uku ko huɗu a jere ka sa a ma'ajiyar hadisi ta shafin dorar.net. Zai fito maka da mai ruwaya, da littafi, da malamin da ya yi hukunci, da hukuncin kansa. A nan mutane ke tuntuɓe: lafazi ɗaya yakan fito sau da yawa, wani wuri an ce ingantacce, wani wuri mai rauni, domin kowace hanyar ruwaya hukuncinta daban. Wanda ya tsaya a layin farko zai iya ƙaryata hadisi ingantacce. In ka ga saɓani, kai wa malamin da ya karanci hadisi, kada ka yanke da kanka. Kada lamba ta ruɗe ka ma. Rubuta "Bukhari" da lamba a ƙasan saƙo ba ya cin ko sisi, ga shi lambobin suna sauyawa daga bugu zuwa bugu. Buɗe wurin ka gani da idonka.

Wasu kam tun daga nesa ake gane su: lada mai girman gaske kan ɗan ƙaramin aiki, ko barazanar musiba ga wanda bai tura ba. Wasiyyar nan da ake dangantawa ga wani Shehu Ahmad, wai mai hidimar masallacin Annabi (SAW), ta daɗe tana yawo a takarda tun kafin wayar hannu, kuma Shehu Bin Baz ya yi rubutu ya bayyana ƙarya ce. Haka saƙon da ke dawowa duk shekara cewa wanda ya fara sanar da wani shigowar Ramadan wuta ta haramta gare shi. Ba shi da asali. Maganar ganin wata kuwa, a jira sanarwar Sarkin Musulmi ta rediyo ko shafin kwamitin duban wata, a bar hoton takarda mai tambari.

Yankakken karatu ya fi wannan haɗari. Malami yana tafsiri, ya ce "masu wannan ra'ayi suna cewa", ya kawo maganarsu don ya rushe ta. Sai a datse farko da ƙarshe, a bar daƙiƙa talatin na tsakiya, a rubuta "ku ji abin da ya faɗa". Alamarsa, murya ta fara a tsakiyar jimla, babu ranar karatu, babu sunan masallaci. Nemo cikakken karatun ka saurari minti biyar kafin wurin da biyar bayansa. Yanzu har kwaikwayon murya ake yi da ƙirƙirarriyar basira, don haka muryar da babu ita a shafin malamin ko wurin ɗalibansa, ajiye ta.

Hoton gawa ko na ƙona masallaci, ɗora shi a Google Lens ka duba ranar da ya fara fitowa. In bidiyo ne, tsayar da shi ka ɗauki hoton fuskar wayar. A watan Yunin 2018, lokacin rikicin Filato, an yaɗa hoton wani jariri da aka sassara a Facebook, daga baya binciken BBC ya gano tsohon hoto ne da ya fara fitowa watanni kafin rikicin. Kafin gaskiya ta fito an riga an tare hanya an kashe matafiya. Kibiya biyu a saman saƙo tana nufin ya bi hannu aƙalla biyar, wato asalinsa ya ɓace. Shafin Dubawa na tantance irin waɗannan.

Batun 'yanci: sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa damar faɗin albarkacin bakinsa, amma sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta taƙaita shi saboda zaman lafiya da haƙƙin wasu. Akwai kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, wanda ya hana tura saƙon ƙarya da gangan don ta da fitina. Sai dai ka kiyaye, saɓanin fahimta ba ƙarya ba ne. Ɗan Izala da ɗan ɗariƙa su yi muhawara kan mauludi da hujjoji, wannan ba abin gogewa ba ne, ko da ba ka son ra'ayin. Abin gogewa shi ne jingina wa Annabi abin da bai faɗa ba, da ƙage, da kiran a je a ɗauki doka a hannu.

In za ka goge, yi da wuri, domin damar goge wa kowa kwana biyu ce kacal. Ka fara kiran mutumin a gefe, musamman in dattijo ne, ka bar shi ya janye da kansa. Sannan a sa gyaran a zauren tare da hujja, a roƙi waɗanda suka riga suka tura su bi shi da gyaran duk inda suka kai shi.