Kuɗin kayan aiki da na tafiya: ana rage su daga haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai aikin lantarki ne da haɗa sola, shagona yana nan Maradi. Bana na sayo injin huda bango da janareta daga Kano, na kuma sayi babur saboda aiki yana kai ni Tasawa, Dakoro da Gidan Rumji. Ƙanena da ke aiki a Ingila ya ce a can ana mayar wa mutum wani abu daga harajinsa saboda kayan aiki da kuɗin tafiya. Mu ma muna da wannan haƙƙi a Nijar? In akwai, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka. Akwai, amma ba yadda ƙanenka ya kwatanta maka ba. A nan ba za ka kai takarda ofishin haraji ka fito da kuɗi a hannu ba. Abin da dokar haraji ta Nijar ta yarda da shi shi ne a cire kuɗin da ka kashe don sana'a daga abin da ka samu, sannan a yanka haraji a kan ribar da ta rage. Wannan ma ba kowa ke cin moriyarsa ba, sai ka fara sanin tsarin da hukumar haraji ta ƙasa, wato DGI, ta ajiye ka a ciki.

Ɗauko takardar lambarka ta NIF, wato lambar shaidarka ta mai biyan haraji, ka duba. Yawancin masu ƙananan shaguna suna ƙarƙashin harajin dunƙule, wanda ma'aikatan ofishin ke kira empo sentetik. Shi wannan ba daga ribarka ake lissafa shi ba, daga girman cinikinka ne da irin sana'arka. Saboda haka ko janareta goma ka saya, ba abin da zai ragu. Mutane da yawa suna jin zafin wannan magana, amma gara ka sani tun yanzu da ka yi ta tara takardu kana sa rai. Wanda ke cire kuɗin kayan aiki shi ne wanda ke tsarin riba ta haƙiƙa, wato rejim reyel: yana riƙe littattafan lissafi bisa ƙa'idar lissafin kasuwanci ta SYSCOHADA, yana kai bayanin shekara, yana biyan haraji a kan ribarsa.

Ga yadda lissafin yake, in muka ɗauki harajin riba a kashi 30 cikin 100 a misali. In ka kashe jika 100 a kan abin da doka ta amince da shi, ribarka a takarda ta ragu da jika 100, harajinka ya ragu da jika 30. Sauran jika 70 daga aljihunka suka fita. Ina faɗin haka ne saboda akwai masu sayen abin da ba su da buƙatarsa a ƙarshen shekara wai don su rage haraji, kuma asara ce suke yi. Sannan akwai haraji mafi ƙanƙanta da ake lissafawa daga ciniki, wanda ake biya ko da shekarar ba ta ba da riba ba.

Kayan aikin ma ba ɗaya suke ba. Waya, tef, bakin injin huda da sauran abubuwan da ke ƙarewa cikin aiki, ana cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekarar da aka yi amfani da su. Janareta da babur kuwa dukiya ce mai daɗewa, ana raba kuɗinsu ne a kan shekarun da ake sa ran za su yi aiki. A misali, janareta na jika 500 da aka raba shekara 5, jika 100 za ka riƙa cirewa kowace shekara. Adadin shekarun ba kai ke zaɓa yadda ka ga dama ba, kowane irin kaya yana da nasa ma'auni, kontabul, wato akanta, zai duba maka.

Inda ƴan Maradi suka fi faɗuwa shi ne takarda, kuma a nan nake son ka tsaya da kyau. Kasuwancinmu da Kano da Katsina na amana ne: ka kira mutuminka a Sabon Gari, ka tura masa naira, ya ɗora kaya a mota. Amana tana da kyau, amma mai binciken haraji ba ya karanta ta. Yana son faktir, wato takardar shaidar ciniki, mai sunan mai sayarwa, da sunanka, da kwanan wata, da bayanin kayan. Tunda kayan sun tsallako iyaka, yana son takardar duwan, wato kwastan, ta inda suka shigo, ko Ɗan Isa ko wani wuri, don da ita ce ake gane darajarsu da sefa. Janaretan da ya shigo ba takarda, a idon ofishin haraji ba ka saye shi ba, har ma yana iya jawo maka wata tambayar da ba ka nema ba. Abin da ka saya a cikin gida kuma, ka nemi faktir mai shaidar SECeF, na'urar tantance faktir ta hukumar haraji, wadda ke ɗauke da alamar da ake dubawa da waya, a sa lambar NIF ɗinka a kai. Guntuwar takardar da yaron shago ya rubuta da biro ba ta wadatarwa. Dokar OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a ƙasashen Afirka da Nijar ke ciki, ta ce a adana takardun lissafi shekara 10, don haka ka samo musu jaka tasu, nesa da ruwa da gara.

Tafiya kuwa sharaɗinta shi ne ta kasance don aiki. Mai, gyaran babur, kuɗin mota da wurin kwana in aikin Dakoro ya kai ka kwana biyu, duk suna shiga. Zuwa biki ko ta'aziyya ba ya shiga, ko da ka biya ta wurin wani mai aiki a hanya. Tunda babur ɗaya ne kake hawa aiki kuma kake kai yara makaranta da shi, kada ka ɗora wa shago duk kuɗin man. Ka sayi ƙaramin littafi, duk fita ka rubuta rana, gari, sunan mai aikin da abin da ka kashe, ka haɗa da faktir ɗin da ka ba shi. Man da ake saye a kwalba bakin hanya ya fi sauƙi, na sani, amma ba shi da takarda, abin da ba shi da takarda kuma ba ya shiga lissafi.

Ƙanenka ma'aikacin albashi ne, shi ya sa maganarsa ta bambanta. Mai albashi a Nijar harajin albashi, wato ITS, ake yanke masa tun kafin kuɗin su iso hannunsa, kuma a cikin lissafin an riga an rage masa kashi 10 cikin 100 a matsayin ɗawainiyar aiki. Ba ya kai rasit ɗin kayan aiki ofishin haraji. In an aike shi wani gari, mai gidansa ne ke biyansa kuɗin tafiyar bisa takardar aike.

Abu guda da ba ka tambaya ba, amma ya shafe ka: in kana yi wa ma'aikatar gwamnati ko babban kamfani aiki, sukan riƙe wani kaso na kuɗinka a matsayin kafin alƙalami na harajin riba. Ka karɓi takardar shaidar abin da suka riƙe, domin mai tsarin reyel yana cire shi daga harajin ribar da zai biya.

Shawarata, kada ka yi gaggawar sauya tsari don janareta ɗaya da babur. Reyel yana zuwa da nauyin littattafai da kuɗin kontabul, kuma ga ƙaramin shago nauyin yana iya fin ragin. Amma in cinikinka yana girma, kayan da kake saye suna cin kaso babba, kuma kana neman kwangilar da ake tambayar takardun haraji, to lokaci ya yi da za a zauna a yi lissafi. Ka tattara cinikin shekarar da ta wuce da duk takardun da ke hannunka, ka kai wa kontabul mai rajista da ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa, ya gwada maka tsarin biyu. Iyakar cinikin da ke raba su dokar kasafin kuɗi ce ke tsayar da ita, kuma takan sauya, don haka ka tambayi ta bana a ofishin haraji na Maradi kafin ka sa hannu a komai.