Zan Iya Rushe Bene Mai Hawa Shida da Katafilar Haƙa?

TAMBAYA: Malam, shekarata tara ina tuƙa katafilar haƙa mai tan 20. An kawo mana aikin rushe wani tsohon bene mai hawa shida, kuma akwai gidaje a gefensa. Ubangidana ya ce in karya ginshiƙan ƙasa ta gefe ɗaya, ginin zai kwanta da kansa. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Me za ka ce?

AMSA: Ɗan'uwa, rashin kwanciyar hankalin nan naka yana kan hanya. Don Allah kada ka taɓa ginshiƙan nan.

Kowane ginshiƙi na ƙasa yana ɗauke da nauyin duk abin da ke samansa. Ka karya ɗaya, nauyin ya koma kan na kusa da shi, kuma babu wanda zai iya ce maka ga wanda zai fara gazawa, ko ga inda ginin zai karkata. Tsohon gini ma ya fi wuyar sha'ani, domin rodin cikinsa kan ci tsatsa, wani lokaci kuma an yi masa ƙari ba bisa zanen farko ba. Kai kuma a lokacin kana gindinsa, kuma katafila ba ta gudu. Kafin ka ja da baya taku biyu an gama.

Da inji, daga sama ake rushe dogon gini, hawa bayan hawa, kuma ba a barin bango a tsaye shi kaɗai ba abin da ke riƙe da shi. A ranar 5 ga Yuni, 2013, a birnin Filadelfiya na Amurka, ana rushe wani bene mai hawa huɗu da katafila, aka bar dogon bango ba madogara. Ya rufta kan shagon da ke maƙwabtaka, mutum shida suka rasu. Ɗan kwangilar da direban injin duka sun tafi gidan yari. Na kawo wannan ne saboda kai ma akwai gidaje a gefenka, kuma hannunka ne zai kasance a kan inji, ba na ubangidanka ba.

Mu yi lissafi. Hawa shida ya kai kimanin mita 20. Hannun katafila irin taka, ko ka miƙe shi iya miƙewa, da ƙyar ya kai mita 10. Ga kuma ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi: duk mita biyu na tsayi, inji ya ja baya mita ɗaya daga gindin gini. Wato kai sai ka tsaya aƙalla mita 10 nesa, inda hannunka ba zai taɓa komai ba. Aikin nan na katafila mai dogon hannu ne, wadda aka ƙera don rusau. A bakinta akwai muƙamuƙin da ke tauna kankare ya datse rodi, ɗakin direba na da kariyar ƙarfe a sama da gaba, kuma yana kishingiɗa baya don mutum ya ga bakin injin ba tare da ya ƙage wuya ba. Tuƙa ta horo ne daban, ko da mutum ya yi shekara ashirin yana haƙa.

Za a iya ce maka a tara ɓaraguzai ka hau kai. Ana yin haka, amma da tsari: a daddaɓe tudun sosai, samansa a shimfiɗe, ya fi injin faɗi ta kowane gefe. Tarin da aka zuba kawai yakan zame a daidai lokacin da hannu ke sama. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne wanda ido ba ya gani, kamar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, tsohuwar rijiya ko ramin masai da aka rufe da siririn kankare. Ƙafar inji ɗaya ta nutse da taƙi guda, can ƙarshen hannu ya kauce da nisa.

Kafin inji ya shigo, injiniyan gine-gine ya duba ginin ya rubuta inda za a fara da inda za a ƙare. Shi zai gane ko akwai kankaren da aka ɗaure da wayoyin ƙarfe da aka ja su suka ɗame sosai, waɗanda in an datse su da ka sukan fizge kamar bulala. A yanke wuta da ruwa da gas daga tushe, a cire asbesto (wani tsohon kayan gini mai ƙurar da ke cutar da huhu) in akwai, a killace wurin, a kwashe maƙwabta na kusa a lokutan aiki.

In aiki ya kankama, ka fuskanci ginin da tsawon ƙafafun injin, kada ka yi aiki ta gefe, nan ne ya fi saurin kifewa. Mutum ɗaya tak zai riƙa ba ka umarni ta oba-oba, amma kowa a wurin yana da ikon cewa a tsaya. A riƙa fesa ruwa, domin ƙurar kankare na lalata huhu a hankali. Iska ta yi ƙarfi, a sauke hannu ƙasa. Kuma ka koyi sauraren gini: ƙasa na zubowa daga inda ba ka taɓa ba, ko tsaga ta ƙara buɗewa, ko ka ji rodi na ƙara, ja da baya nan take, a kira injiniya. Kafin a tashi da yamma, a tabbata ba a bar wani yanki yana reto ba.

Ka je wa ubangidanka da lissafin nan cikin ladabi: tsayin gini 20, hannun inji 10. Ka ce a ɗauko mai dogon hannu da direbanta, ko a sauke hawa na sama da ƙananan injina bayan injiniya ya sa an tokare kankaren da za su hau daga ƙarƙashinsa. In ginin ya sauko zuwa hawa biyu, wannan aikin katafilarka ne.