Takardar baryta ba ta rufa wa tawadar banza asiri

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a Kano, zan baje hotunan hawan sallah a wani nuni nan da mako uku. Na yi odar takardar buga hoto ta Hahnemühle FineArt Baryta da kuɗi masu ciwo, na buga a firintata Epson L1800, sai hotunan suka fito da duhu, fuskoki sun yi ja-ja, ga wasu layuka kamar an ja allura. Rabin kwalin ya tafi a banza. Kuma mai sayar mini da tawada ya ce tunda baryta ce, hoton zai yi shekara ɗari. In faɗa wa masu saye haka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka rufe sauran takardun, kada ka ƙara buga ko guda sai ka gama karanta wannan.

Ja-jan fuska yawanci aikin shugabanni biyu ne: Photoshop yana sarrafa launi, direban firinta, wato manhajar da ke tafiyar da ita, shi ma yana yin nasa. Ka bar wa Photoshop aikin, ka kashe gyaran launi a direba. Duhun kuwa daga sikirin ɗinka ne, ya cika haske. Ka sauke shi zuwa tsakanin 80 da 120 cd/m², wato ma'aunin hasken sikirin, sannan ka duba hoton a hasken rana, ba ƙarƙashin ƙwan ɗaki ba. Layukan iri biyu ne. Idan gogewa ce, kan firinta ne ke taɓa takardar, don nauyinta giram 325 ne, sai ka kunna zaɓin takarda mai kauri. Idan ɗigo-ɗigo ne a jere, ƙananan ƙafafu masu haƙori da ke danne takarda a cikin firinta ne ke takawa tawada ba ta bushe ba. Ka kashe High Speed, wato zaɓin saurin bugu a direba, ka riƙa sa takarda ɗaiɗai. Da hunturu kuma takardar tana lanƙwashewa, sai ka miƙar da gefenta, ka share ta da burushi mai laushi. Ƙura guda in ta zauna, tawada ta hau kanta, gobe ta faɗi ta bar farin tabo a tsakiyar baƙin doki.

Wannan duk mai sauƙi ne. Maganar shekara ɗarin ce ta tayar mini da hankali, don kullum sai na ji ta. A'a, kada ka faɗa.

L1800 firinta ce mai kala shida, kuma dukkansu tawadar rini ce, wato launi narkakke cikin ruwa. Ko ta asali ka zuba, mai lamba 673, rini ce. Balle wadda ake ɗurawa a kwalbar da ba suna ba adireshi, mai shago yana rantsuwa yana cewa orijina ce. Tawadar da ake bugun hoton nuni da ita daban take: ƙwayoyin launi ne ƙanana, irin UltraChrome ta Epson ko Lucia ta Canon, waɗanda haske da iska ba sa ci da wuri. Sinadarin barium sulfate da ke jikin baryta aikinsa ya ba takarda fari da santsi, baƙi ya yi zurfi. Iyakarsa ke nan. Ba ya tsare launi daga komai. Hasali ma fuskar takardar cike take da ƙofofi ƙanana da ke shanye tawada nan take, kuma ta waɗannan ƙofofin iska mai ozon ke shiga ta cinye rini. Kamar ka sayi shaddar Getzner ne ka kai wa marinin da ke ha'inci: yadin yana nan da ƙarfinsa, launin ya gudu.

Ina jita-jitar ta samo asali? Daga zamanin ɗakin wankin hoto. Takardar baryta ta wancan lokaci tana daɗewa ƙwarai, amma hoton da ke kanta azurfa ce cikin jelatin, ba tawada ba. Sai 'yan kasuwa suka ɗauko darajar tsohuwar suka manna wa sabuwar. Su ma alƙaluman shekaru da masu gwaji irin Wilhelm Imaging Research na Amurka ke fitarwa, ba na takarda kaɗai ba ne. Na tawada kaza ne a kan takarda kaza, a bayan gilashi ko a fili, cikin haske gwargwado kaza. Ka canja ɗaya, lissafin ya rushe. Tambayi mai shagon nan wa ya gwada tawadarsa, ka ga yadda zai koma yi maka zancen tsadar dala.

Kuma ba a nan suke tsayawa ba. Wani zai ce kawo firintar ya wanke ta ya zuba maka tawada mai ƙwaya. Ka yarda, ka shiga wahalar toshewar kan firinta, musamman da bushewar hunturu, ga shi furofayil ɗin ICC, wato fayil ɗin daidaita launi da kamfanin takarda ke bayarwa, an auna shi ne da firinta takamaimai da tawadarta ta asali, don haka launinka sai dai canki-canka. Wani kuma zai ce a yi laminatin, wai zai kare. Ledar zafi a kan baryta? Ka biya kuɗin fuskar takarda sannan ka binne ta a roba, kuma ba ta ɓantaruwa. Wanda ya sayi hotonka ya rataya a falo amana ya ba ka. In rawanin ɗan Kura da ya gani yana walƙiya ya koma toka-toka, ba mai tawada zai nema ba, sunanka ne a ƙasan hoton.

Ga abin yi a mako ukun nan. Ka yi gwaji a firintarka da takardar lasta, wato mai ɗan sheƙi, mai araha don tsara hoto da haskensa. Bugun ƙarshe ka kai wa mai Epson P700 ko P900, ko Canon PRO-300 ko PRO-1000, ka ce a nuna maka katirij ɗin da idonka. Baƙin da za a yi amfani da shi Photo Black ne, ba Matte Black ba, don Matte Black yana gogewa a fuska mai sheƙi. Fayil ya tafi a 360 ppi, wato yawan ɗigon hoto a kowane inci, in Epson ce, 300 in Canon ce, kuma a Epson 1440 dpi, wato yawan ɗigon tawada a kowane inci, ta isa yawancin hotuna.

Takardar da ka saya tana da kyau, fara ce tas, sai dai tana da sinadarin ƙara fari wanda ke raguwa da shekaru. Don fatar mutanenmu da jar ƙurar filin hawa, ni na fi son Photo Rag Baryta, giram 315, auduga zalla, ba ta da wannan sinadari. Canson Baryta Photographique II mai giram 310 ita ma ba laifi. Bayan bugu ka ɗora farar takarda a kai, ka bar shi aƙalla awa 24 kafin firem, in ba haka ba gilashin zai yi hazo daga ciki. Ka sa kwali tsakanin hoto da gilashi, sannan ka rubuta sunan takarda da na tawada da fensir a bayan kowane hoto.