Hutun kyauta a Amurka: amsa ga Yaya kan cinikin taimshiya

Assalamu alaikum Yaya, da fatan iyali suna lafiya. Ka tambaya ko da gaske ne a Amurka ana ba mutum kwana uku a otal kyauta, har da tikitin wurin wasan yara, kamar yadda kake gani a hotunan da mutanenmu ke sakawa a WhatsApp daga birnin Orlando na jihar Fulorida, kuma ko kai ma za a ba ka in ka zo ziyara. Da gaske ne ana bayarwa. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Masu ba da kyautar suna da abin sayarwa, sunansa taimshiya, kuma kwanakin nan uku ladan zaman da za ka yi ne a gabansu suna yi maka talla.

Ga yadda abin yake. Kamfani ya gina masaukin shaƙatawa, ɗaki biyu da falo da kicin, da wurin ninƙaya a tsakar gida. Maimakon ya sayar wa mutum ɗaya, sai ya raba shekara mako-mako ya sayar wa mutane kusan hamsin, kowa da makonsa. A Turai aka faro shi a shekarun 1960, ya shigo Amurka a shekarun 1970. Yanzu manyan kamfanoni irin su Marriott, Hilton, Wyndham da Disney sun fi sayar da maki: ka sayi maki kaza a shekara, ka riƙa biyan kwana da su a masaukansu. Saboda haka in ka ji wani ɗan gida yana cewa yana da gida a Fulorida, ka tambaye shi na mako nawa. Ba gida ba ne irin wanda ka sani, wanda za ka sa ɗan haya ko ka sayar ka ci riba.

Tayin yana zuwa ta waya, ko ta imel, ko a ɗan teburin da suke kafawa a manyan kantuna da bakin titin Las Vegas. Wani lokaci akwatin cika fom ne na "ci mota kyauta", wanda amfaninsa kawai su samu lambar wayarka. Za a ce kwana uku ko huɗu a Orlando, Las Vegas, Myrtle Beach ko Williamsburg, ko dai kyauta ko a kan dala ɗari da 'yan kai, wani sa'in a ƙara da katin sayayya. Sharuɗɗan suna can ƙasa da ƙananan rubutu, kuma su ne ainihin maganar. Yawanci sai ka kai shekara 25, sai kuɗin shigar gidanka ya kai adadin da suka yanka, sai kana da katin bashi da sunanka da katin shaida. In kana da aure dole ku zo tare da uwargida, don sun san mutum shi kaɗai zai ce "sai na yi shawara da iyali", su kuma wannan ƙofar suke son toshewa tun daga farko. Kuɗin jirgi naka ne, abinci naka ne, harajin otal da kuɗin ajiye mota sau da yawa naka ne. In ka makara, ko ka ƙi zuwa zaman, ko ka tashi kafin lokaci ya cika, za su cire cikakken kuɗin ɗakin daga katin da ka ba su. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne ba lallai a sauke ka a masaukin da ake tallar ba. Ana iya kai ka wani otal na kusa wanda bai kai shi ba.

Zaman kansa a takarda minti 90 ne zuwa 120. A aikace yana iya cin rabin yini, don wasu ba sa fara lissafi sai an gama karin kumallo. Ɗan tallan da za a haɗa ku da shi ba ya fara maganar kuɗi. Hira zai yi, ya tambayi daga ina kuke, ya ce yana da aboki ɗan Najeriya, ya riƙe sunayen yara. Sai ya fito da takarda: sau nawa kuke tafiya hutu, nawa kuke kashewa, ina kuke burin zuwa. Duk abin da ka faɗa a nan da shi za a ɗaure ka an jima. In ka ce kuna kashe dala 3,000 a shekara, zai ninka sau ashirin ya nuna maka dala 60,000 da ka "zubar" a otal, ya ce ga hanyar da kuɗin zai zama naka. Daga nan a zagaya da ku ɗakin gwaji, wanda aka gyara musamman don ido. Kicin ɗin ne ke kama matanmu, kuma da dalili: mai neman abincin halal da iyali shida ya san wahalar ɗakin otal marar murhu.

Sai a koma tebur a faɗi farashi. Na farko mai tsada ne da gangan. Ka ce a'a, ya ce bari ya kira manaja. Manajan shi ne gwanin rufe ciniki. Zai zo da wani "wanda aka dawo da shi yau da safe" a rabin kuɗi, ko na zuwa sau ɗaya a shekara biyu, kuma kowane farashi na yau ne kaɗai, in ka fita ya tafi. Wannan ba gaskiya ba ne, don gobe ma za su sayar wa wani. Ka sake cewa a'a, a tura ka wurin na uku wanda zai ce shi ba mai sayarwa ba ne, ra'ayinka kawai yake son ji, alhali ɗan ƙaramin kunshin gwaji zai tallata maka, wanda zai sake dawo da kai irin wannan zaman. Sai ka wuce shi ake kai ka teburin karɓar kyauta. A wasu wuraren kana zaune za ka ji an buga ƙararrawa ana tafi, wai wani ya saya, don ka ji kai ne kaɗai aka bari a baya.

A nan ne Bahaushe ke faɗawa, Yaya, kuma ba don rashin wayo ba. Mutumin da ya iya ciniki a Kantin Kwari ba ƙaramin ɗan talla ne zai ruɗe shi da lissafi ba. Kunya ce ke kayar da mu. An karɓe ka da fara'a, ka ci abincinsu, ka kwana a ɗakinsu, yarinya ma'aikaciyarsu ta yi awa biyu tana wasa da 'ya'yanka, sannan a ce ka dube ta ka ce ba ka so. Mu kuma ba mu saba cewa a'a kai tsaye ba. "Sai mun gani" muke cewa, ko "in Allah ya yarda wani lokaci", kowane Bahaushe ya san an ƙi ke nan. Su a kunnensu wannan alama ce cewa saura kaɗan. Haka duk uzurin da ka kawo suna da amsarsa a shirye: ka ce tsada, a rage, ka ce kuna tafiya gida ne ba Fulorida ba, a buɗe maka littafin kamfanin musanyar mako irin RCI ko Interval International a nuna maka masaukai a ƙasashe da yawa, ba tare da an ce musanyar tana da kuɗin rajista na shekara da kuɗin kowace musanya ba. Ga kuma mai gida da ba ya son a ga kamar ba shi da hali a gaban matarsa. Wannan ma sun san shi.

Shi ya sa waɗanda suka daɗe a nan suke ba sabon zuwa shawara iri ɗaya a majalisar bayan Juma'a. Miji da mata su gama magana tun a mota cewa yau ba a sa hannu a komai. Da an zauna, a tambayi ƙarfe nawa lokaci ya fara, a saita agogon waya a ajiye a kan tebur. Kada a ba da lambar soshiyal (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum), kada a sa hannu a takardar binciken bashi ko da an ce don duba cancanta ne kawai, domin da ita ake iya buɗe wa mutum sabon katin bashi a ɗora kafin alƙalamin a kai. Amsa ɗaya ake maimaitawa, "ba ma saye, mun gode", ba a ƙara dalili. Lokaci na cika a miƙe a nemi takardar kyauta. Wanda ya san fuskarsa ba ta iya wannan, gara ya biya otal ɗinsa da kuɗinsa. Da yawa daga cikinmu ma haka suke yi: gida biyu ko uku su haɗa kuɗi su kama hayar gida guda a Kissimmee, kusa da Orlando, na mako ɗaya, kowa ya dafa abin da yake so, a watse ba bashi a wuyan kowa.

Ga lissafin da ba a yi maka a teburin. Alƙaluman ƙungiyar masu sana'ar, ARDA, na shekarun nan sun nuna matsakaicin farashi ya haura dala 20,000, kuɗin kula da gini kuma ya haura dala 1,000 a shekara. Mu ɗauki misali: ka saya a dala 20,000, ka ba da 2,000, kamfanin ya ba ka bashin 18,000 na shekara goma da ruwa kashi 15 cikin 100, wanda ba baƙon abu ba ne a wannan harka. Kusan dala 290 za ka riƙa biya duk wata, jimla wajen 34,800. Haɗa da kafin alƙalami, da kuɗin kula na dala 1,200 sau goma, ka doshi 49,000. Kowane mako ɗaya na hutu ya tsaya maka kusan dala 4,900 ke nan, ba jirgi ba abinci. Maganar riba kuwa ba sai an je wurin malami ba, ruwan a rubuce yake ɓaro-ɓaro. Bashin yana ƙarewa, kuɗin kula ba ya ƙarewa: yana hawa kusan kowace shekara, ko ka je ko ba ka je ba, kuma in guguwa ta yaye rufi ana iya raba wa masu mako kuɗin gyara na musamman. Yarjejeniyoyi da yawa ba su da ranar ƙarewa. In ka daina biya, a miƙa ka ga masu karɓar bashi, sunanka ya ɓaci, a ƙasar da ko hayar gida sai an duba tarihin bashinka. In ka ce sayarwa za ka yi, leƙa shafin saye da sayarwa na eBay ka ga masu neman kai da nasu a dala ɗaya.

Ba a ce babu wanda yake jin daɗinsa ba. Ba'amurken da ke zuwa wuri ɗaya kowace shekara, yana kama ɗaki wata goma kafin lokaci, ya kuma sayi nasa a hannun mai sayarwa na biyu da araha, yana iya cin moriyarsa. Rayuwarmu ce ba ta dace da shi ba. Ɗan hutun da ake samu a wurin aiki, mako biyu ko uku, na zuwa gida ne, ko Umara, ko biki, ko ta'aziyyar da ba ta sallama. Salla tana matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara, makon da aka saya kuwa yana nan inda yake. Lokacin da yara ke hutun makaranta shi ne lokacin da kowa ke nema, makin da aka sayar maka sau da yawa ba ya isa.

In an riga an sa hannu, akwai ƙofa, amma gajeriya ce. Doka ta ba mai saye 'yan kwanakin fasa ciniki a mayar masa da kuɗinsa: kwana 10 a Fulorida, 7 a Kalifoniya da Bajiniya, 5 a Nevada, kwanakin aiki 5 a Meziko, 14 a Birtaniya da Tarayyar Turai, inda aka ma hana karɓar ko sisi a cikin waɗannan kwanaki. Kada a kira ɗan tallan, zai ja ka da magana har lokaci ya wuce. A buɗe yarjejeniyar a nemo shafin fasawa, a rubuta gajeriyar wasiƙa da suna da lambar yarjejeniya da ranar saye da cewa an fasa, duk wanda ya sa hannu a ciniki ya sa a wasiƙar, a aika ta rajista a gidan waya zuwa adireshin da aka rubuta a shafin, a adana rasit da kwafi. Abin da ya fi cutar da mutanenmu a nan shi ne ɓoyewa. Mutum ya dawo gida jikinsa ya yi sanyi, ya ji kunyar faɗa wa kowa, sai bayan wata biyu ya buɗe baki, lokacin ƙofar ta rufe.

Bayan nan sai wasu 'yan damfarar su biyo baya, masu kiran waya su ce suna da mai saye a hannu, ko za su fitar da kai daga yarjejeniyar, amma ka fara tura kuɗin haraji ko na lauya. Abin ya yi girman da a 2023 Ma'aikatar Kuɗin Amurka ta sa takunkumi a kan wasu mutane da kamfanoni a garin Puerto Vallarta na Meziko da ke wannan damfara don ƙungiyar masu safarar ƙwaya ta Jalisco. Mai son fita ya fara tuntuɓar kamfanin da ya sayar masa, don wasunsu suna karɓar abinsu in an gama biyan bashi kuma ba a bin ka kuɗin kula.

Game da kai kuwa, Yaya, yawancin tayin nan na mazauna Amurka da Kanada ne, mai zuwa ziyara ba kasafai yake cika sharuɗɗan ba. Ba ya kawo biza, ba ya zama takardar gayyata, kuma mallakar mako a Orlando ba ta ba kowa izinin zama. In saƙo ya same ka a Kano cewa ka ci hutun kyauta a Amurka, ka tura kuɗin rajista, wannan ba ma taimshiya ba ce, damfara ce zalla, ka goge shi. In Allah ya kawo ka ziyara kuma aka tare ka a kanti da irin wannan tayi, ka karɓi takardar ka kawo mana gida mu karanta ƙananan rubutun tare kafin ka ba kowa lambar katinka. A gaida su Hajiya da yara.