Amsa: Kayan garejin Baba, a sayar ko a ajiye?

Ɗan'uwa, ka ce mahaifinka tsohon soja ne, bayan ritaya ya buɗe gareji a Garwa har Allah ya yi masa rasuwa, kana tambaya a sayar da kayan aikinsa ko a bar su. Allah ya jiƙan Baba. Ni dai shawarata kar ku sayar, ku damƙa wa yaransa da ya koya wa aiki su ci gaba da buɗe wurin, in an samu ɗan abu a kai wa Mama.

Amma da sharaɗi fa, kayan nan gado ne, Mama tana da tumuninta, ƙannenka mata ma suna da haƙƙi, sai kowa ya yarda a gaban malami a rubuta. Namu mahaifin tsohon makaniki ne shi ma a Marwa, jak ɗinsa da sufanun da hannunsa ya goge har suka yi santsi suna nan yaronsa na aiki da su, duk direban da ya tsaya sai ya yi masa addu'a, wallahi har hawaye nake. Takardun mahaifinka na soja kuma ka adana su sosai, za a nema wajen fanshon Mama.